Idan rediyo ko jarida ta karkata labari: tambayoyin mutanen Zangon Kumasi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a majalisun shan ataya na Aboabo da Asawase da Sawaba, da bakin masallaci bayan an sallame, musamman ranar da wata tasha ta wayi gari da labarin da ya taɓa mu. Ba lauya ne ya rubuta amsoshin ba. Wanda maganarsa ta kai ta shari'a, ya nemi lauya.

Ta yaya zan gane labarin ƙarya da wanda aka karkata shi kawai?

Ƙarya tsagwaronta ita ce a ce abu ya faru alhali bai faru ba, ko a sa wa mutum maganar da bai furta ba. Wannan ta fi sauƙin kamawa. Mai wuyar ita ce karkatarwa, inda kowace jimla gaskiya ce amma in aka haɗa su sai su ba da hoton da ba shi ne ba. An yi rikici tsakanin mutum biyu, an ji bakin ɗaya, ɗayan kuwa aka ce "duk ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura", ba a faɗi sau nawa aka kira shi ko yaushe ba. Ko kanun labari ya ce an kama ɓarayi, cikin labarin kuma ka tarar zargi ne kawai, ko kotu ba a kai su ba.

In ka ji labari, tambayi kanka abu uku: wa ya faɗa, wa ba a tambaya ba, kuma kanun ya yi daidai da cikin? Shirye-shiryen bitar jaridu na safe, waɗanda direbobin motocin haya na trotro ke kunnawa daga Kejetia har gida, yawanci kanu suke karantawa da Turanci, sannan mai gabatarwa ya juya shi zuwa harshen Twi ya ƙara masa gishiri da karin magana don a yi dariya. Kafin labarin ya iso kunnenka ya bi hannu uku. Nemi asalinsa ka karanta kafin ranka ya ɓaci.

Me ya sa in aka yi fashi sai a ce "samarin Zango", amma in ɗanmu ya ci jarrabawa ba a ambaci unguwarsa ba?

Saboda an saba, kuma ba a cika samun mai tankawa a rubuce ba. Ɗan rahoto yana karɓar bayanin 'yan sanda ya aika wa edita kafin ƙarfe shida, ba shi da lambar kowa a Moshie Zango ko Akwatia Line, ba ya jin Hausa, sai ya tafi da abin da ya samu.

Mutanen Kumasi sun san ƙarshen wannan sakaci. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum 7 'yan Zango a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su. Haka labarin ya fara fita. 'Yan uwa da shugabannin Zango suka ce atafau waɗannan mutane an san su, an san sana'arsu. Samari suka fito kan titi a Asawase, aka matsa lamba har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Da rahoton ya fito a watan Nuwamba na shekarar, sai ya ce babu hujjar da ke nuna 'yan fashi ne ko sun yi musayar wuta, aka kuma dakatar da 'yan sanda 21. Abin lura a nan shi ne abin da ya juya labarin: sunaye, shaidar waɗanda suka san mamatan, da shugabanni da suka tsaya gaban makirufo suka maimaita magana ɗaya ba tare da canzawa ba. Ƙona taya ya jawo ido, amma wasu kafafen shi suka ɗauka suka ƙara cewa ga halin nasu nan.

An faɗi ƙarya a kaina a rediyo. Me zan fara yi?

Kama hujja tun kafin ta gudu. Yawancin tashoshi yanzu suna watsa shirinsu kai tsaye a Facebook ko YouTube, kuma bidiyon kan ɓace da zarar an ji ƙorafi ya taso. Sauke shi, ko ka sa wata waya ta naɗi muryar. Rubuta sunan tashar, sunan shirin, ranar, da ƙarfe nawa aka yi maganar. In a shafin intanet ne, ɗauki hoton allon wayarka yadda adireshin shafin da kwanan wata za su fito. In jarida ce, sayi kwafi biyu ka ajiye.

Daga nan sai ka yi amfani da haƙƙin da mutanenmu da yawa ba su san suna da shi ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 162 sakin layi na 6, ya wajabta wa duk kafar da ta yaɗa magana a kan mutum ta yaɗa martaninsa in ya kawo. Ba alfarma edita zai yi maka ba.

Martanin ya zama gajere, shafi ɗaya ya isa. A sama ka sa: zuwa ga editan labarai, ko manajan tasha. Sakin layi na farko, ka kawo maganar da aka yi kalma da kalma tare da rana da lokaci. Na biyu, ka faɗi abin da yake gaskiya, ka haɗa da kwafin takardar da ke mara maka baya, rasit ne, takardar fili ce, hukuncin kotu ne. Na uku, ka ce bisa sashe na 162 kana buƙatar a karanta wannan martani a cikin shirin nan dai, a lokacin nan dai, cikin harshen da aka yi maganar. Wannan na ƙarshen kada ka bar shi. Ƙaryar da aka yi da Twi da ƙarfe bakwai na safe, in aka gyara ta da Turanci da sha ɗayan dare, waɗanda suka ji ta farko ba su ji gyaran ba. Kada ka zagi kowa a ciki, kada ka kawo tarihin kakanninka. Kai takardar da hannunka, ka sa mai karɓar baƙi ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a kwafinka. Wanda bai iya rubutun Turanci ba ya nemi ɗa ko malamin makaranta ya rubuta, shi ya sa hannu.

In suka yi biris da takardar fa?

Sai Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wadda kowa ke kira NMC, mai ofis a Accra. Tsarin mulki ne ya kafa ta, dokarta kuma ita ce ta 449 ta shekarar 1993. Daga cikin aikinta akwai bincike da sasanta ƙorafin da aka kawo a kan 'yan jarida, tana da kwamiti na musamman don haka. Kwamitin kan kira ɓangarorin biyu, kuma yana iya umartar a buga gyara da ban haƙuri, ko a buga martanin mai ƙorafi. A cikin mambobin hukumar akwai kujerar wakilin ƙungiyoyin Musulmi, abin da bai kamata mu manta ba.

Abu biyu za ka sani kafin ka je. Na ɗaya, in ka shigar da ƙorafi a can, doka ta ce ka bi matakan hukumar su ƙare kafin ka tafi kotu, sai dai in ka janye. Na biyu, hukumar ba ta da 'yan sanda, ba ta ɗaure kowa, kuma an sha kukan ƙarancin kuɗin aikinta. Tasha mai kunya takan bi umarninta, marar kunya takan ja ƙafa. Duk da haka takardar da ta fito daga NMC tana cewa an yi maka ba daidai ba abu ne da za ka nuna wa surukai da abokan ciniki, kuma ba ta cin kuɗin da lauya zai ci.

Akwai kuma Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ghana, GJA, mai kundin ƙa'idojin aiki da kwamitin ladabtarwa. Aika musu kwafi ba ya ɓaci, amma ƙarfinsu a kan mambobinsu ya tsaya, masu surutu a rediyo da yawa kuwa ba mambobi ba ne.

Ba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, ce ke rufe tashoshi ba? Me zai hana a kai ƙara can?

NCA mita take rabawa, lasisi da kuɗinsa da ƙarfin na'ura take dubawa. A ƙa'ida, abin da aka faɗa a cikin shiri ba nata ba ne.

To kotu fa?

Hanya a buɗe take, ana shigar da ƙarar ɓata suna a nemi diyya. Amma a shiga da ido biyu. Anas Aremeyaw Anas, ɗan jarida mai bincike wanda duk ƙasar ta san shi, ya kai ɗan siyasa Kennedy Agyapong ƙara a Accra a 2018 yana neman sidi miliyan 25. Sai a Maris na 2023 aka yanke hukunci, kuma kotu ta kori ƙarar. Wannan mutum ne mai lauyoyi da suna. Mai shago a Alabar ya lissafa kuɗin lauya da ranakun da zai rufe shago kafin ya ɗaga ƙafa. Inda kotu ta fi dacewa shi ne in ƙaryar ta jawo asarar da za a iya nunawa a takarda: an kore ka daga aiki, an fasa kwangila. Marar hali yana iya tuntuɓar Hukumar Tallafin Shari'a ya ji ko maganarsa na cikin waɗanda suke ɗauka.

Zan iya sa 'yan sanda su kama ɗan jaridar?

Ɓata suna ya daina zama laifin ɗauri a Ghana tun 2001, lokacin da gwamnatin Kufuor ta soke waccan doka. Sai dai an bar wasu sassa biyu: sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960, kan yaɗa labarin ƙarya mai jefa tsoro a zukatan jama'a, da sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008, wanda hukuncinsa kan kai shekara 5. An yi ta kama 'yan jarida da masu rubutu a intanet da su, ƙungiyoyin kare 'yancin jarida kuma sun daɗe suna neman a soke su.

Ra'ayina, kada talaka ya yi marmarin wannan hanya. Masu mulki ne suka fi cin moriyarta, kowace jam'iyya ce a sama. Kuma dokar ba ta ce ɗan jarida kaɗai ba. Kai da ka tura saƙon murya cewa ana zuwa a kai wa Zango hari da dare, alhali ba ka tabbatar ba, tana iya hawa kanka.

Ba sunana aka kama ba, Zango gaba ɗaya aka zaga. Wa zai yi magana?

Nan ne muka fi rauni. Sashen martani maganar mutum yake yi, don haka tasha na iya cewa ba wanda ta ambata. Amma ƙa'idojin aikin jarida sun hana kalaman da ke tunzura ƙiyayyar ƙabila ko addini, kuma NMC na karɓar irin wannan ƙorafi. Abin da ke aiki shi ne takarda ɗaya mai hannaye masu nauyi: fadar Sarkin Zango, limamai, asambuliman (kansila) na unguwa, shugabar mata, shugaban samari. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu su zama bakin jama'a, masu jin Twi da Turanci sosai, masu sanyin rai, a ba wa tashoshi lambarsu tun ranar da babu rikici. Ɗan rahoton da ke da lambar wanda zai ɗaga waya da ƙarfe biyar na asuba ba shi da uzurin cewa bai samu kowa ba.

Kada a manta da masu talla. Shirin da ya mai da cin mutuncinmu sana'a, wani kamfani ne ke biyan kuɗinsa, mu kuma muna cikin masu sayen kayansa. Wasiƙa mai ladabi zuwa ga kamfanin, da faifan abin da aka faɗa, takan sa manajan tasha ya kira mai gabatarwa ofis da saurin da wasiƙar hukuma ba ta samu.

Kiran waya a cikin shiri yana da amfani, ko ɓata kati ne?

Yana da amfani in ka shirya. Daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya za a ba ka, rabinta kuma kan tafi a gaisuwa. Rubuta jimla biyu a takarda kafin ka buga: abin da aka faɗa ba daidai ba, da abin da yake daidai tare da inda za a duba. Ka sani akwai masu kiran kullum, waɗanda jam'iyyu ke tsaya wa, har an san muryoyinsu, su suke cika layi. Ba za ka fi su hayaniya ba, kada ma ka gwada.

Ka kuma kama bakinka. A 2016 Kotun Ƙoli ta ɗaure mai gabatar da shiri a Montie FM da baƙinsa biyu wata 4 saboda barazanar da aka yi wa alƙalai a iska, sai daga baya Shugaba Mahama ya sassauta musu.

Shin dole in san mai tashar kafin in yarda da labarinta?

Sanin yana taimakawa, kuma ba sirri ba ne. Wontumi Radio da talabijin ɗinta a nan Kumasi na Bernard Antwi Boasiako ne, jigon jam'iyyar NPP a yankin Ashanti. Oman FM da Net 2 na Kennedy Agyapong ne. Radio Gold kuwa an daɗe ana ganinta a ɓangaren jam'iyyar NDC. Wannan bai sa duk abin da suka faɗa ya zama ƙarya ba, amma yana gaya maka labarin da za su daɗe a kai da wanda za su tsallake. Labarin siyasa, ji shi daga ɓangare biyu kafin ka ɗauka.

Kafafen gwamnati, GBC da Daily Graphic da Ghanaian Times, nauyinsu daban ne. Sashe na 163 ya ɗora musu ba da dama ga ra'ayoyi mabambanta, kuma tun 1993 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a ƙarar da NPP ta kai GBC. In su suka toshe bakin wani ɓangare, ƙorafinka na da ƙafa sosai.

Babban mutum ne ya turo labarin ƙarya a zauren WhatsApp na dangi ko na masallaci. Yaya zan yi ban ci fuskarsa ba?

Wannan ta fi dukkan sauran faruwa, don yawancin ƙaryar da ke yawo a Zango ba daga ɗakin labarai ta fito ba, daga wayoyinmu ne: muryar wani da ba a san shi ba yana rantsuwa, da bidiyon wata ƙasa da aka ce garin Bawku ne na arewacin Ghana. Kada ka gyara wa dattijo a gaban mutum ɗari. Bi shi ta gefe. "Salamu alaikum Baba Alhaji, an wuni lafiya? Bidiyon nan da aka turo muku, na duba na ga tsoho ne, ba ma a Ghana aka ɗauke shi ba. Ga inda ya fara fitowa. Na ce bari in sanar da ku kafin wani ya riga ni." Ka lura ba ka ce shi ya yi ƙarya ba, turo masa aka yi. Sau da yawa da kansa zai koma zauren ya ce a yi watsi da shi, kuma nasa gyaran ya fi naka shiga. In ya ƙi, kuma labarin na iya jawo fitina, sai ka sa gyaran a zauren ba tare da kama suna ba, ka gaya wa mai kula da zauren. In da hali yi gyaran da murya, da Hausa, don iyayenmu mata da yawa saurare suke yi, ba karatu ba.

Malamai sun sha jawo mana aya ta 6 ta Suratul Hujurat kan bincika labari kafin a yi aiki da shi. Ba sabon abu ake nema daga kowa ba.

Ni ba ɗan boko ba ne sosai. Da me zan bincika hoto ko bidiyo?

Da wayar da ke hannunka. Saƙon da ke da kibiya biyu a samansa, WhatsApp na gaya maka ya bi hannaye da yawa. Hoto kuwa, sa shi a Google Lens, zai nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa, sau da yawa sai ka ga shekarunsa. Bidiyo, tsayar da shi ka duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kayan 'yan sanda, ɓangaren da motoci ke bi a titi. A Ghana dama ake bi. Sannan akwai masu wannan aiki musamman: GhanaFact, Dubawa, da Fact-Check Ghana na gidauniyar kafafen yaɗa labarai ta Afirka ta Yamma, MFWA, da ke Accra. Duba shafukansu, mai yiwuwa sun riga sun bi labarin. Yawancin aikinsu da Turanci ne, don haka yaron da ya karanta ya juya wa gida da Hausa ya yi aikin lada.

In samari suka taru suka je tashar, ba za a fi jin tsoronmu ba?

Za a ji, na kwana ɗaya, sannan labarin ya tashi daga ƙaryar da aka yi mana ya koma kan ƙofar da aka fasa. A Oktoban 2023 wasu samari suka kutsa ɗakin shirin tashar talabijin ta UTV a Accra ana tsaka da watsawa, suka ƙare a kotu aka ci su tara. Mu kuwa mun fi kowa sanin inda tunzura jama'a a kan ɗan jarida ke kaiwa. Ahmed Hussein-Suale, Musulmi ɗan uwanmu mai aikin bincike tare da Anas, an nuna hotonsa a talabijin an ce a doke shi, a Janairun 2019 kuma aka harbe shi a unguwar Madina ta Accra. Zuwa tasha ba laifi ba ne in wakilai uku ne ko huɗu, da alƙawarin ganawa, da takarda a hannu.

An ce an kashe kuɗi kaza a kan kwata ko makarantar unguwarmu, mu kuwa ba mu gani ba. Ina za mu samu gaskiyar lissafi?

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba kowane mutum damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takardu, ba sai ɗan jarida ba, kuma a ƙa'ida ba sai ka faɗi dalili ba. Ka rubuta wa jami'in bayanai na majalisar yankinku, misali ta Asokore Mampong, ka faɗi takamaiman abin da kake so: sunan ɗan kwangila, adadin kuɗi, abin da aka biya, ranar da ya kamata a gama. Doka ta ba shi kwana 14 ya yanke shawara. In ya yi shiru ko ya hana, ka kai wa shugaban ma'aikatar, daga nan sai hukumar da ke sa ido kan dokar. Ana jan ƙafa, kada a ruɗe ka, amma takardar da ta fito ta wannan hanya ba mai gabatar da shirin da zai iya musa ta.

Mun kira 'yan jarida taronmu, an ce sai mun ba da "soli". Mu bayar?

Ambulan ɗin nan da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota ya zama al'ada, dalilinsa kuma ba ɓoyayye ba ne: albashin 'yan rahoto da yawa bai taka kara ya karya ba, wasu ma babu. Ƙa'idar aikinsu ta hana karɓar abin da zai karkata alƙalami. In kun biya don a rubuta abin da kuke so, ku sani wanda ya fi ku kuɗi zai biya a rubuta akasinsa gobe. Abin da ya fi dorewa shi ne ku sauƙaƙa masa aikin: bayani shafi ɗaya a buge, sunaye da muƙamai an rubuta daidai, hotuna masu kyau a tura masa ta waya, a fara taro kan lokaci don ya samu labaran rana. Ku kuma gayyaci masu shirye-shiryen Hausa, na Zuria FM a nan da na sashen Hausa na GBC, ku ba su takardun da kuka ba sauran, a rana ɗaya.